Ranar da Na Yi wa Kwamitin Asibiti Rawa

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da kogi ya shigo mana asibiti, musamman abin da na jawo wa kaina kwana uku bayan ruwan ya janye.

Lokacin ni ke riƙe da ɗakin kati a wani ƙaramin asibiti kusa da Bahindi. Masu awon ciki, ranakun rigakafin yara, masu karɓar maganin hawan jini, har da waɗanda ke tsallakowa daga Benin, duk bayanansu a hannuna suke. Da aka kawo mana kwamfuta sai kaina ya kumbura. Inna Dije, tsohuwar ungozomarmu, kullum tana rubuce-rubuce a wani littafinta da take komawa da shi gida, ni kuwa ina tsokanarta: "Inna, zamanin biro ya wuce. Komai na kwafe a filas, ɗan abin ajiyar bayanan kwamfuta, ko gobara aka yi ba abin da zai ɓata."

Sai ta ce, "To, ɗan boko, Allah shi kyauta."

Wata Juma'a ruwa ya taso, ya cika ɗakin kati har ƙugu. Katuna suka zama kunu, kwamfuta ta sha ta ƙoshi. Kowa na salati, ni ina shafa aljihu ina murmushi (har cewa na yi a kwantar da hankali, akwai masu ilimi a wurin).

Aka kira taron kwamiti. Ga shugaban asibiti, ga liman, ga wakilin hakimi, ga Ardo Bello wanda matarsa ke gab da haihuwa, ana neman sakamakon gwajin jininta. Na gyara hula, na fara da ɗan jawabi kan hangen nesa, sannan na soka filas a kwamfutar shugaba na danna.

Sai ganga.

Bidiyo ne ya buɗe, ga ni a bikin abokina a Dole Kaina, riga ɗaure a ƙugu, gumi sharkaf, ina girgiza kafaɗa kamar wanda kunama ta harba. Na yi sauri in kashe, sai na ƙara sauti. Ashe filas biyu gare ni iri ɗaya. Na aikin kuwa, saboda tsabar hikima, na adana shi cikin durowar teburin da kwamfutar ke kai. Tare suka nutse.

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, amma kafaɗunsa na motsi. Ardo ya matso ya ƙura wa allon ido, ya ce, "Malam, wanga shi na katin matata?"

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai Inna Dije ta matso daga bakin ƙofa. Ta kwance wata leda, ta ciro littafin nan, ta lashi yatsa ta buɗe shafi, ta karanta wa shugaba rukunin jinin matar Ardo da ranar awonta na ƙarshe. (Lafiya lau ta haihu, mace.)

Mako uku na yi a kan babur, daga ruga zuwa ƙauye har Kende, ina sake rubuta abin da babu a littafin. Labari kuwa ya riga ni isa ko'ina. Wata tsohuwa ta ƙi ba ni katin jikanta sai na ɗan taka mata. Na taka.

Yanzu wuri uku nake ajiyar bayanai, kowanne da suna ɓaro-ɓaro, ɗaya ma ba a garin yake kwana ba. Kuma kafin in buɗe komai gaban manya, sai na fara leƙa shi ni kaɗai, sauti a kashe.