Yadda Ake Auna Birid da Yatsa Huɗu

Cutar da zan koya maka yau sunanta "ai na sani". In ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari motarka za ta rabu biyu a kan hanya, gaban jama'a, kamar yadda ta Hamidu tela ta yi. Ni na tuƙa wa mahaifinsa motar nan shekara ashirin da biyu, kat-san-kat ce, tsohuwar motar Turawa mai buɗaɗɗen baya, ko fitila ban taɓa fasa mata ba. Shi kuwa wata uku da gado ya gama da ita. Don haka saurara, wurin gwani na kwaso karatun.

1. San abin da za ka ɓata

Leƙa ƙarƙashin motar daga baya. Akwai dogon ƙarfe da ke riƙe da ƙafafun baya biyu, shi ne pon. Akwai faya-fayan ƙarfe jere bisa juna masu ɗaukar nauyi, su ne lam. Abin da ya ɗaure su wuri guda wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai ƙafa biyu kamar mari, ana ɗaure shi da noti. Shi ne birid, biyu dama, biyu hagu. In tsatsa ta cinye su, ga damarka ta zo.

2. Guji wanda ya iya

Kada ka kuskura ka tsaya a garejin bakanike Maman Lawali na Sabon Gari. Mutumin nan zai ce ka auna faɗin cikin birid, ka auna tsawon ƙafafunsa, ka auna kaurin ƙarfen, ka duba ko gindinsa zagaye ne ko mai kusurwa. Har zai ce ka ciro tsohon ka tafi da shi a hannu. Wannan duk raini ne. Hamidu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce masa shi da ke auna alhazan unguwar Zariya tun daga wuya har idon sawu, ba ƙarfe ne zai gagare shi ba.

3. Ajiye metir

Ko da metir, igiyar awon tela, na rataye a wuyanka dare da rana, kamar na Hamidu, kada ya taɓa ƙarƙashin mota. Na shadda ne, baƙin mai zai ɓata shi. Miƙa hannu kawai, ka ɗora yatsu, ka ƙirga. Hamidu ya samu huɗu. Yatsun nasa kuwa sirara ne, irin na mai zura zare a allura.

4. Aika awon ta waya

Nemi maƙeri mai nisa, wanda ba zai ga motar ba. Hamidu ya kira Idirisa na Tsibiri, wanda babban yatsansa kaɗai ya kai ƙotar fartanya. Ina zaune a bakin shagon ɗinkin Hamidu, da kunnena na ji.

"Faɗi yatsa huɗu, tsawo kuma ka ƙara kaɗan."

"Yatsun wa, Malam Hamidu? Nawa ko naka?"

"Kai, Idi, yatsa ai yatsa ne. Allah guda ya yi mu."

Idirisa ya ce to. Maƙeri ba ya musu da mai aiki.

5. In bai zauna ba, laifin motar ne

Birid zai iso da faɗin da ɗan akuya zai ratsa. Za ka ɗaure noti har haƙoran su ƙare, abin na nan yana rawa. Kada ka mayar. Mai mayar da kaya ya amsa cewa ya yi kuskure, kai kuwa ba ka yi. Yanka tsohon silifa ka cusa a gefe. Hamidu na matarsa Atika ya yanka, ƙafar hagu, ya ce mata ɓera ne ya ja shi.

Na ce masa, "Ɗana, ubanka bai taɓa sa wa motar ga takalmi ba." Ya ce zamani ya canza, Baba.

6. Gwada da kayan da ba naka ba

Masu tsoro sukan zagaya unguwa da mota babu kaya, su dawo su sake ɗaure noti. Kai wuce nan. Nemi kaya mai nauyi, mai saurin fashewa, kuma na wanda kake jin kunya.

Surukar Hamidu, Inna Tahira ta Jiratawa, maginiyar tukwane ce. Aikin rani guda ta tara, ta riga ta yi magana da mai amalanke zai kai mata kasuwar Maraɗi. Hamidu ya je har gida, ya durƙusa, ya ce yana da mota surukarsa ba za ta bi bayan jaki ba. Tsohuwa ta ce jakin dai bai taɓa yi mata ɓari ba. Atika ta sa baki, ta ce Inna ki bar shi ya fita kunya. Aka loda. Aka sa Inna a gaba, ya kunna mata rediyo.

7. In ka ji ƙara, ƙara rediyo

Tun fitowa gari bayan motar zai fara ƙwas-ƙwas. Inna Tahira ta tambaya ko wani abu ne ya kwance. Hamidu ya ce haka tsofaffin motocin Turawa suke gaisawa da hanya.

A ramin farko silifa ya fice. A na biyu pon ya zame baya, motar ta fara tafiya a karkace kamar kaguwa. A na uku ƙafafun baya suka tsaya cak, sauran motar ta ɗan ci gaba ita kaɗai, sannan ta zauna da gindi.

Inna ta fito lafiya, ta gyara lulluɓi, ta dubi aikin raninta shimfiɗe a kan kwalta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Hamidu, miƙo hannunka in gani." Ya miƙa. Ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Da waɗannan ka auna?"

Mai amalanken da aka sallama shi ya kwashe su zuwa gida.

Abin da za ka samu

Randa tara, tulu goma sha huɗu, tukunyar tuwo ashirin da ɗaya, kasko shida, babu wanda ya tsira sai murfi guda. Lam biyu sun karye. Silifa ƙafa ɗaya. Motar gado tana garejin Maman Lawali bisa duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta. Atika ta yi sati uku a Jiratawa tana taya uwarta kwaɓa yumɓu. Suna kuma ya tafi: duk Sabon Gari yanzu Yatsa Huɗu ake kiransa, kuma alhajin da ya kawo ɗinki sai ya ce a fito da metir ya gani tukuna.

Wanda ya bi wannan karatu ya ga daidai, kada ya zo ƙofar gidana. Ban auna ba, ban ƙera ba, ban ɗaure ba. Hannuwana suna cikin aljihu tun daga mataki na ɗaya.