Kwalbatin Maza, Rijiyar Mata

"Lafiya lau muka kwana. Gajiya kuwa sai wadda nake gani a fuskarka," in ji Talatu, ba ta ko ɗago kai daga kaskon ƙuli-ƙuli ba. "Ina Rahama da yara?"

"Suna lafiya. Haka baiwa take gaida ubangidanta, a zaune?"

"Ubangidan da ya zo gidan baiwa da hantsi, takalmi duk taɓo, ai roƙo ne ya kawo shi. Jawo kujera."

Maiwada ya jawo kujera ya zauna. Taubasai ne, mahaifinsa da mahaifiyarta ciki ɗaya suka fito, kuma shekara arba'in ke nan yana kiranta baiwa tana ce masa mai sarautar yunwa. Amma yau zancen da ya kawo ya fi ƙarfin wasa.

Ranar Alhamis ce, kwana na goma sha huɗu kuma na ƙarshe. Ƙaramar hukuma ta buɗe shafi a intanet, ta ce mutanen ƙauyen su zaɓi aiki ɗaya da za a yi musu bana: ko kwalbati a kan rafin da ya raba su da titin Makarfi, ko rijiyar burtsatse. Duk mai katin zaɓe yana iya shiga ta waya, yana kuma iya sauya ra'ayi kafin a rufe da ƙarfe shida na yamma. Maiwada manomin rake ne. Bara a-kori-kura ta maƙale da rakensa a bakin rafin nan kwana huɗu, har ya bushe, ya koma abincin shanu. Idan bana ma ba kwalbati, ya riga ya yanke zai bar noman fadamar da ya gada.

Tun Juma'ar farko magidanta talatin da ɗaya suka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, suka tsaya a kan kwalbati. Kamar yadda aka saba a rabon taki da aikin gayya, kowane maigida ya yi magana da yawun gidansa. Maiwada ya danna kwalbati, ya rubuta a ƙasa cewa shi da iyalinsa, mutum goma sha ɗaya. Sauran ma haka. A lissafinsu sun haura ɗari biyu da arba'in, don haka ba wanda ya sake leƙa shafin. Sai yau da safe, a rumfar cajin waya, aka nuna masa: kwalbati talatin da ɗaya, rijiya saba'in da huɗu.

Ya bayyana wa Talatu duk wannan, ya ƙara da cewa ko dai na'urar gwamnati ba ta iya ƙirga ba, ko kuma wasu 'yan baƙin ciki daga wani gari sun yi musu kutse.

"Daga wani gari," in ji Talatu, tana juya ƙuli-ƙuli a mai. "Ɗaya daga cikin 'yan baƙin cikin ita ta dama maka kokon da ka sha yau."

Maiwada ya tambaye ta yadda aka yi.

Ta ce masa a tsakar gidan nan aka yi, ran Talata da ran Asabar, bayan an tashi daga Islamiyya. Mai waya ta shiga da tata, marar waya ta kawo kati aka ara mata. Rahama ce ta goma sha tara a layi.

"Wayar da na saya mata don ta riƙa jin wa'azi?"

"Ta ji wa'azin, ta kuma ji sanarwa. Kai ne kawu ya haifa da kunne ɗaya."

"Kawunki dai. Ni ubana ne. Dangin ubanki ai a gidanmu suka koyi wanke hannu."

"Da ruwan da wa ya ɗebo?"

Ta tambaye shi dami nawa na rake ya yanka bara. Ya faɗa nan take, har da rabin damin da ɓeraye suka ɓata. Ta tambaye shi jarka nawa ake sha a gidansa kullum daga watan Maris zuwa saukar ruwa, lokacin da rijiyoyin gari suke ƙafewa. Ya ce ba zai wuce uku ba. Ta ce tara ne, kuma daga tsohuwar rijiyar makaranta ake ɗauko su, sawu biyar, a kan 'ya'yansa mata da matar ƙanensa.

Maiwada ya cire hula ya sosa kai. Shi dai a saninsa ruwa abu ne da ake tararwa a randa. Ya daɗe yana jin ana cewa gwamnati ba ta tambayar talaka. Bai taɓa kawo wa ransa cewa in ta tashi tambaya za ta tsallake zaure ta shiga har cikin gida ba.

Ya gyara murya ya sauko. Ya ce ya san matan garin nan maganarta suke ji. Ta aika musu saƙo ɗaya a waya, su juya zuwa kwalbati, shi ke nan.

"Ka ji mai sarautar yunwa," in ji ta. "Abin da ya kayar da ku shi kake so in yi. Ku baki ɗaya ya yi wa mutum goma sha ɗaya magana, ni kuma in yi wa saba'in da huɗu? Shafin nan mutum yake ƙirgawa, ba rawani ba. Kowace da katinta ta zo."

"To yaya zan yi? Saura awa bakwai."

"Ka tambaye su. Ɗaya bayan ɗaya. Fara da ni."

"Ke? Baiwar gidanmu?"

"Baiwa mai murya ɗaya. Kai ma ɗaya gare ka. Sauko daga kujerar nan, ta manya ce."

Ya duba ƙofa ya tabbata ba mai shigowa, sannan ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna a gefen murhu. Da farko ya soma da rake, ta ce wannan ciwonsa ne, ya nemi wani. Sai ya yi tunani sosai. Ya ce a watan Agusta rafin yakan rufe hanya kwana biyu, wani lokaci uku. Mai naƙuda da mai zazzaɓi duk sai dai a jira ruwa ya janye. Ya ce gyaɗar da take saya ma ta nan take ƙetarowa, kuma motar haƙar burtsatsen kanta sai ta bi ta kan rafin kafin ta iso gari.

Wannan na ƙarshe ya sa Talatu ta ajiye matsami. Ta yi tambaya uku, ya amsa biyu, ta uku ya ce bai sani ba. Ta ce tunda take da shi yau ne ya fara faɗin haka.

Sai ta kafa sharaɗi. A ƙasan shafin akwai wurin da kowa yake rubuta ra'ayi, kansila yana gani, mata suna gani, kuma ba ya gogewa. Ya rubuta a can, da sunansa da na mahaifinsa, cewa idan aka yi kwalbati bana, shi zai tsaya wa rijiya baɗi, kuma kafin nan amalankensa zai riƙa ɗebo ruwa duk rani.

"Alkawarin ƙofar gidan mai unguwa iska ce take kwashe shi," in ji ta. "Wannan ko ka mutu jikokinka za su karanta."

Ya rubuta da yatsa ɗaya, a hankali, tana gyara masa. Da ya gama ta goge hannu a zani, ta ɗauki wayarta ta danna, ta juya masa fuskar wayar. Kwalbati talatin da biyu, rijiya saba'in da uku.

"Ɗaya ka samu. Sauran ban yi maka alkawari ba, wasu ko za ka kwana a tsugune ba za su juya ba, kuma da gaskiyarsu."

"Rahama fa? Ko kya ɗan yi mata magana?"

"Shekara ashirin da shida kana aurenta. Je ka ji ta bakinta."

Maiwada ya yi dariya har sai da ya dafa ƙasa. Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ce ya yarda, yau baiwa ta ci gari. Ya fita ya nufi gidansa, yana tafe yana neman kalmar da mutum yake fara tambayar matarsa da ita.