Mutumin da Ya Ladabtar da Inji

Wani ne ɗan Tsibiri ya samu aiki a wani juji da ke bayan garin Maraɗi, inda ake tsince roba a zuba wa inji ya niƙe. Injin nan in ya tashi, ko jaki ya zo wucewa sai ya sake hanya. Mutumin naku shi aka tsayar a bakinsa, tun safe har la'asar.

Ran nan shef Abdu, mai kula da wurin, ya raba wa ma'aikata wasu 'yan robobi jajaye na toshe kunne, kowa biyu cikin leda. Ya ce, "Ku riƙa sawa. Ƙarar ga cin kunne take, kuma ji in ya tahi ba ya dawowa."

Kowa ya cusa nasa. Shi kuwa gogan ya jujjuya ledar, ya shinshina, ya zura aljihu.

Gado abokin aikinsa ya ce, "Kai ba ka sawa?"

Ya ce, "Cikin wannan ƙazantar? Abu sabo ful? Haba Gado, kai dai ba ka san darajar kaya ba!"

Dama irin mutanen nan ne da babur zai tsufa a hannunsu ba su cire ledar kujera ba. Yana isa gida ya ba matarsa Tahira, ya ce ta sa masa a ƙasan akwati tare da babbar riga. Ranar Sallah ya ciro su, ya ƙawata kunnuwansa, ya zaga Tsibiri kaf. Ana yi masa barka da Sallah, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da yamma ya goge su tas, ya mayar akwati.

Shekara biyu ana haka, sai ya fara yabon duniya.

"Gado! Maraɗi ta yi hankali hwa! 'Yan kabu-kabu duk sun bar danna oda!"

Gado ya dubi titi, inda babura ke ta oda kamar ana rakiyar amarya, ya ce, "Ikon Allah."

Rediyonsa kuwa sau uku yana kai shi gyara har Jiratawa, wai muryarsa ta dushe. Mai gyara ya ƙure masa murya har kaji suka watse, mutumin ya kara a kunne, ya ce, "To, ya ɗan fara."

A gida ma sai godiya yake. "Tahira ta yi sanyi. Da, in ta fara faɗa, sai na bar gidan. Yanzu baiwar Allah baki kawai take motsawa." Alhali a ranar maƙwabta sau biyu suna shigowa ba ta haƙuri.

Abin da ya tona asiri, wata safiya ya tari shef Abdu yana washe baki, ya daki injin da tafin hannu.

"Shef, ka gani? Na ladabtar da shi! Yanzu sai ɗan gurnani kamar kyanwa!"

Injin kuwa na ruri, har kwanon rumfa na rawa. Nan take shef ya ɗora shi a babur, sai asibiti.

Likita ya leƙa wannan kunne, ya leƙa wancan, ya gwada shi da na'ura, ya girgiza kai. Ya kafa baki a kunnensa ya ɗaga murya.

"Malam! Rabin jinka ya tahi! Ba a ba ku abin toshe kunne ba?"

"An ba mu! Nawa suna akwati, ko ƙura ba ta taɓa su ba! Na su Gado duk sun yi baƙi!"

Likita ya dafe kai. "To daga gobe ka riƙa sa su wurin aiki, kada sauran ya bi!"

Mutumin ya dubi shef, ya dubi likita, ya ce, "Kai likita, kana da ɓarna! Lokacin da injin ke ihu ban ɓata su ba, sai yanzu da ya yi shiru?"