Takardar Sallama ga Da'irar da ke Juyawa a Wayata

Hoton ya buɗe. Na ga fuskar jikana, kuma kunnuwana ya ɗauko.

Zuwa ga Mai Girma 'Yar Da'irar da ke juyawa a tsakiyar wayata, uwar masu jira, ranki ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan jiri bai ɗebe ki ba, ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. 'Yata Hajaratu ta haihu a Fatakwal, aka yi mini takwara. Kuɗin mota a wannan tsadar ya fi ƙarfina, sai mijinta ya ɗora hoton yaron a wani shafin intanet. Tun ranar suna hular jariri da rabin goshi kike nuna mini. Ranki ya daɗe, hula aka haifa?

Na biyu. Me ya sa ba kya tare masu talla? 'Yan caca da matan man shafawa, ko ɗankwali babu, a guje suke wuce ki, har da kiɗa. Ran Juma'a na miƙa wa liman wayar ya sa wa yaro albarka, abin da ya gani ke nan. Har yau gaisuwarsa a taƙaice take.

Na uku. Wake na sayar na sayi data, a juyinki ta ƙare. Injin niƙa in ya yi wannan juyin ai an ga gari.

Kin manta cewa da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Jiya ni da Habu, abokin ajina, muka shiga saitin burauza, manhajar buɗe shafuka, muna haɗa baƙi. Muka toshe talla, muka hana bidiyo tashi da kansa, muka share tarkacen da ta tara. Sai ga duk shafin da na taɓa buɗewa tun sayen wayar yana nan zaune. Ni ban saba rufe wa baƙo ƙofa ba, ke kuma ba ki ce sun cika zaure ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sallama.

Ko juyi ɗaya ba ki gama ba yaro ya bayyana.

Don haka, cikin girmamawa, ke ma na sallame ki. Mutanen Kutama, da na garin Jama'a har Dugabau, kowa ya zo ƙofar gidana bayan la'asar ya ga kunnuwan nan. Allah gafarta liman, a karɓi wayar, yanzu tana da tsarki. Ke ma ki zo, amma ki tsaya daga waje ki jira.

Naki mai biyayya har ƙasa,
Ɗalhatu Jalo Kutama, kakan Ɗalhatu ƙarami.