Darasin Birki a Hatta

Wata uku kacal da shigata ƙungiyar mata masu hawan keke a duwatsun Hatta, nan ƙasar Larabawa, na fara jin kaina gwana.

Wata Asabar muka tarar da baƙuwa, 'yar Nijar, tana duba tayar kekenta. Tausayinta ya kama ni. Na tsaya na yi mata darasi: ga birki, ga giya, in an zo gangara kada ta firgita.

"Ki bi bayana, 'yar'uwa, shwaiya shwaiya," na ce, wato sannu sannu da Larabci.

"Na gode, Malama," ta ce.

Anti Fati, wadda ta kawo ni ƙungiyar, tana ta yi min tari, ban gane ba.

A hawan farko numfashina ya ƙare, na sauka ina tura keke. Baƙuwar ta haye, ta dawo, ta ɗaga min sirdi, ta ce in sake gwadawa. Sai ga ni a sama. A can aka gabatar da ita: kocin da aka gayyato ta horar da mu ce.

Yanzu ba dutsen da nake tsoro. Amma ko taya ce ta yi faci, sai Anti Fati ta ce, "A kira Malama."