Ranar da Alƙalin Kwando Ya Tsuguna

Allah ya albarkaci garinmu da masara, ya albarkace shi da ƙwallon kwando, da ya ga har yanzu da sauran gurbi sai ya ƙara mana da Mista Delmar Stuckey. Duk faɗin jihar Indiana babu wanda ya san sirrin jefa ƙwallo a kwando kamarsa. Wannan ba zancena ba ne, daga bakinsa muka ji, kuma mutum ne da ba ya gajiya da maimaita gaskiya. Kafin ya yi ritaya inshora yake sayarwa, amma wannan aikin cin abinci ne kawai. Aikin da aka haife shi dominsa shi ne yanke hukunci kan hannuwan mutane, shi ya sa muke kiransa Alƙalin Kwando. Ya ɗauka yabo ne, mu kuma ba mu ga dalilin ɓata masa rai ba.

Kotunsa tana zama ne a gidan cin abincin Darlene, a dogon teburin da ke jikin taga. A can ƙarshen teburin akwai kujera guda mai hannuwa, wadda ta fuskanci kowa. Babu wanda ya ba shi ita, babu kuma wanda ya tuna ranar da ya fara zama a kai. Baƙo ya taɓa kuskuren hawa kanta, Alƙali ya zo ya tsaya a kansa yana duba agogo har bawan Allah ya ɗauki fankensa ya koma gefe. Da zarar sanyi ya shigo, 'yan kwaleji suka fara wasanninsu, tsofaffin gari za su hallara da sassafe a kan gahawa da soyayyen ƙwai, a ɗauko tambayar da ba ta tsufa: a tarihin wasan nan kaf, wa ya fi kowa iya jifa?

Kowa da gwaninsa. Wani ya kawo na zamanin talabijin marar launi, wani ya kawo yaron da ya gani bara. Alƙali zai bar su su yi ta haƙilo, ya kurɓi gahawa, ya goge gashin baki, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"'Yan'uwa, ku ji tsoron Allah. Jifa ba shigar ƙwallo ba ce kawai. Ko jaki ya yi harbi, wata rana ƙwallo za ta faɗa kwando. Jifa tsayuwa ce. Gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, kafaɗa a miƙe, wuyan hannu ya lanƙwashe kamar wuyan agwagwa. Mutum ɗaya ne ya cika wannan, Wendell Crabtree. An rufe shari'a."

Wanda ba ya yarda a rufe shari'a shi ne Orville Tackett, tsohon manomi mai kunnen ƙashi, wanda tun suna firamare yake ƙaiƙayi a jikin Delmar. Gwanin Orville shi ne marigayi Hoyt Ledbetter, wanda ya yi wa kwalejin garinmu wasa a zamanin iyayenmu. Shi Ledbetter in ya tsaya a layin jifan kyauta, inda babu mai tare ka, sai ya ware ƙafafu, ya ɗan tsuguna, ya sauke ƙwallo tsakanin gwiwoyinsa, ya watso ta sama da hannu biyu. Jifan kaka ake ce masa, don haka tsofaffin mata suke jefa wa jikokinsu ƙwallo. Mummuna ne, babu musu. Sai dai Ledbetter da wuya ya ɓarar.

"Kada ka sake kawo mini sunan mutumin nan ina cin abinci," in ji Alƙali. "Namiji da gemunsa ya tsuguna gaban jama'a kamar mai tatsar saniya! Na fi son in ɓarar a tsaye da in ci a tsugune. Lokacin da nake cikin ƙungiya, ko kusa da irinsu ba ma zama."

Gaskiya ne yana cikin ƙungiyar kwaleji a zamaninsa. Akwai ma hoto. Yana can ƙarshen layi, rungume da tawul ɗin 'yan wasa, kuma duk wanda ya san lokacin ya shaida ba a taɓa samun wanda ya kai shi iya ninke tawul ba.

To, akwai wata al'ada a filin kwalejinmu. In aka tafi hutun rabin lokaci, sai a fito da mutum ɗaya daga cikin 'yan kallo, a tsayar da shi a layin jifan kyauta, a ba shi jifa uku. In ɗaya ta shiga, mai gidan soyayyiyar kaza na bakin titi zai ba duk wanda ya shigo kallo cinya kyauta. A kakar bana kuwa an yi ta fito da mutane masu hannun tsiya, ɗalibai suna komawa ɗakunansu da yunwa da baƙin ciki. Wannan abu ya tsaya wa Alƙali a rai. Wata safiya ya bugi tebur har cokula suka yi tsalle.

"Abin kunya ne ga gari! Da ni aka miƙa wa ƙwallon nan, da tuni kaji sun ƙare a gundumar nan."

Orville ya ajiye cokali a hankali. Mai gidan kazan surukinsa ne, abin da Alƙali ya sha'afa da shi ke nan.

"Ranar Asabar ta yi maka, Delmar? Zan yi maka magana. Amma da sharaɗi. In ɗaya ta shiga, kujera taka ce har ka mutu. In babu wadda ta shiga, ka tashi ka ba ni, ka koma can kusa da ƙofar banɗaki, kuma ko ana kashe juna a kan zancen jifa ba ka sake sa baki."

Darlene da ke zuba gahawa ta tsaya da buta a hannu. Mai hankali zai ce yana da mura, ko ya tuna da wata jana'iza a wata jihar. Alƙali kuwa ya gyara wuyan riga ya ce abin da ke damunsa ɗaya ne, me zai yi da sauran jifa biyun.

Da ya koma gida ya zaro tsohuwar ƙwallo daga gareji. Kamar kowane gida a garinmu, akwai kwando kafe a saman ƙofar garejinsa, ragar ta ruɓe saura zare biyu suna reto. Ya tsaya, ya sa gwiwar hannu inda littafi ya ce, ya lanƙwashe wuyan agwagwa. Kafaɗarsa ta yi wata ƙara, ƙwallo ta faɗi a tsakiyar hanya ta gangara cikin ƙanƙara. Ya sake, ta bugi kwandon shara. Ya yi ta yi har yatsunsa suka ƙandare, ƙarfen kwandon bai san ana yi ba. A nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don ya hango kansa zaune kusa da ƙofar banɗaki, bakinsa a ɗinke, Orville yana bisa kujera yana yabon Ledbetter. Ba shi da wani abu a duniya da ya wuce kujerar nan, kuma ya sani.

Ya duba dama, ya duba hagu. Titi babu kowa. Ya ware ƙafafu, don dai ya ƙara tabbatar wa kansa munin abin, ya tsuguna, ya watso ƙwallo. Ta shiga, ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Ya ce sa'a ce, ya sake. Ta sake shiga. Bai taɓa jin ya tsani wani abu kamar yadda ya tsani ƙwallon nan a lokacin ba.

Da ya shiga kicin matarsa Marlene tana wanke kwanuka a gindin taga. Ba ta ko juyo ba.

"Wani abu ka yar ne, Delmar? Na ga kana ta tsugunawa."

"Takalmi nake ɗaurewa."

"Allah sarki. Ka ɗaure shi da kyau kuwa."

Ranar Asabar da rana fili ya cika har tsani. Labari ya riga ya zaga, har waɗanda ba su iya bambance ƙwallo da kabewa ba sun zo. Da aka busa hutu sai ga Alƙali ya fito cikin kwat ja da laktaye mai hoton ƙananan kwanduna, yana ɗaga wa jama'a hannu a hankali kamar ɗan takara. Mai sanarwa ya yi kuskuren miƙa masa makirufo don ya faɗi sunansa.

"Ɗalibai, 'ya'yana, yau ba kaza kaɗai za ku samu ba, har da ilimi. Ku zuba ido kan gwiwar hannuna. Abin da za ku gani, malamanku ba su da shi a aji. Masu kyamara su matso, don 'yan baya."

Masu kyamara suka matso.

Jifan farko ya tashi da kyau, a gaskiya ba a taɓa ganin wuyan agwagwa irin wannan ba. Ƙwallon ce dai ba ta ba da haɗin kai ba, ta sauka nesa da kwando, ba ta taɓa ƙarfe ba, ba ta taɓa allon bayan kwandon ba. Irin wannan jifa, da ƙwallo ba ta taɓa komai sai iska, yana da waƙarsa, kowane ɗalibi ya iya ta tun yana goye, kuma babu wanda ya fi Alƙali ƙarfin murya in ana rera wa 'yan wasan wasu garuruwa. Yau sai ga ta ta taso daga kowane lungu, a ja a sauke: "Iiiska! Iiiska!"

Ya ɗaga hannu alamar a kwantar da hankali, gwaji ne. A na biyu ya zuba duk ƙarfin da ya rage masa. Ƙwallo ta bi ta gefen allo, ta wuce can cikin 'yan badujala, ta faɗa bakin ƙaton ƙahon tagullar da wata ɗaliba ke rataye da shi. Dole a yi masa adalci, abin zagayayye ne, kuma ta shiga.

Waƙar iska ta koma ihun yunwa. Aka miƙo masa ƙwallo ta ƙarshe. Gumi ya jiƙa laktaye, kafaɗa tana zugi. Ya ɗaga kai ya hango Orville a layin gaba, ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannuwa a gefe da gefe kamar mai gwada zaman wata kujera, yana lumshe ido don daɗi. Mutumin da ya fi son ya ɓarar a tsaye ya yi nazarin maganarsa, ya ga ashe ba da zuciya ɗaya ya faɗe ta ba.

Ya ware ƙafafu. Ya tsuguna, bayan kwat ya ɗage, harshe ya leƙo ta gefen baki. Fitilun kyamara suka haska gaba ɗaya. Ƙwallo ta tashi sannu a hankali, ta juya a sama, ta ratsa raga ba ƙara.

Fili ya fashe da ihu. Masu ganguna suka kama, ɗalibai dubbai suna tsalle suna buga ƙafa, sabuwar waƙa ta fito nan take ba tare da an koya wa kowa ba: "Kaka! Kaka! Kaka ta ba mu kaza!" Tsofaffin matan cocinmu suka miƙe suna tafa masa, wata har da share hawaye, wai a ƙarshe an samu wanda ya ɗaga sunansu.

Ranar Litinin ya isa wurin Darlene da jawabinsa a shirye. Wurinsa yana nan, babu wanda ya taɓa, alkawari alkawari ne. Sai dai abokan arziki sun yi karo-karo don girmama gwarzo. Sun ɗauke tsohuwar kujera sun kawo sabuwa, irin mai lilon nan da kakanni ke zama a kai a baranda, har da ɗan bargon saƙa a ninke a hannunta. A bango kuwa, daidai saman kai, an rataye hoton tsugunon, an ƙara masa girma yadda ko daga titi ana ganin harshen.

Ya tsaya yana kallon kujera. Babu wani gurbi sai wanda ke kusa da ƙofar banɗaki. Ya zauna.

"Abin da kuka gani ranar Asabar," ya fara, "darasi ne na tsara da gangan, don in nuna wa matasa..."

Ya ɗaga yatsa sama, kujera ta tafi da shi baya, ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ya jira ta dawo da shi.

"Ka kuwa nuna, Delmar," in ji Orville. "Jifan da ya iya shigar maka da ƙwallo, kai da kanka, ai babu kamarsa a duniya. Ledbetter ne. An rufe shari'a."

Tebur ya amsa baki ɗaya. Alƙali ya buɗe baki zai ɗaukaka ƙara, sai ga Darlene a kansa da buta.

"Kaka, a sa madara?"

"Kaɗan," in ji shi.