Yadda Na Zagi Acca da Sunan Mama Kaneng

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Rayfield koyar da aikin da nake taƙamar na fi kowa iyawa, na dawo gida kaina a sunkuye, har mai keken da ya ɗauko ni yana tambayata ko rasuwa aka yi mini.

Akwai wani kundin ilimi a intanet wanda kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara, kuma yana da sashen Hausa. Na daɗe ina aiki a cikinsa, kyauta, don sha'awa kawai. Da rana ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a Titin Bauchi a nan Jos, da yamma in na koma Anguwan Rogo sai in buɗe laftof in hau duba maƙalolin mutane. (In faɗi gaskiya, na fi jin daɗin gyara na wasu a kan rubuta nawa. Akwai wani daɗi a cikin kama kuskuren mutum, sai wanda ya ɗanɗana ya sani.) A cikin masu gyaran an san ni da tsanani. Ka manta madogara, in tuna maka. Ka rubuta "kasa" a inda ya kamata ka rubuta "ƙasa", in bar maka saƙo mai tsawo. Ni a ganina hidima nake yi wa harshe.

Wata rana Ummata ta ce, "Mama Kaneng tana nemanka. Wai wannan abin da kake yi a kwamfuta take so ka koya mata."

Mama Kaneng ƙawar Umma ce tun suna aikin jinya tare a ɗakin haihuwa. 'Yar Berom ce, ta yi ritaya, tana zaune a Rayfield. Ko lokacin da gari ya rikice, mutane suka daina ƙetara unguwanni, su biyun ba su daina kiran juna ba. Ita ta karɓi haihuwata, kuma ba ta gajiya da tuna mini hakan. Saboda haka ba zancen ƙin zuwa. Umma ta ƙara da cewa, "Ka bi ta a hankali, ka ji? Kada ka je kana yi mata wannan iyayin naka." Na ce haba Umma.

Ranar Asabar na saka farar shaddata (eh, shadda na saka don zuwa koyar da kwamfuta, kada ku tambaye ni dalili) na hau keke. Na same ta a falo da rigar sanyi, ta ajiye laftof ɗin da ɗanta ya saya mata a kan tebur, ta lulluɓe shi da ƙyalle kamar jariri.

Bayan gaisuwa ta faɗa mini abin da ya kawo maganar. An ba jikarta da ke Legas aikin gida a kan abincin garinsu, yarinyar ta shiga kundin ta nemi acca, ta tarar da 'yan layuka da ba su taka kara sun karya ba.

"Ka ga abin kunya, ɗana? Abincin da ya raine mu. Ba su faɗi yadda ake wankewa a cire yashi ba, ba su faɗi gwate ba, ba su faɗi kunu ba. Ni zan rubuta. Amma Hausana na baki ne, ba na rubutu ba. Kada in je in ɓata musu abu."

Na gyara zama, na ce ta kwantar da hankalinta, ta samu malami.

Muka fara da buɗe mata akawun. Na ba ta shawara ta zaɓi wani suna na daban, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Ta ƙi. "Sata na yi da zan ɓoye suna? Saka Kaneng." Na saka. Murna ta kama ta, ta ce in taya ta tura shafin accan zuwa guruf ɗin zumuntar matan cocinsu. Da hannuna na tura, ita kuma ta bi shi da saƙon murya: "Mata, ku duba wannan shafi yau, ni zan gyara shi."

Daga nan na shiga wa'azi. Na yi mata bayanin madogara, cewa ko da ta san acca tana da kyau ga masu ciwon suga, sai ta nuna littafin da ya faɗi haka. Na yi bayanin cewa ba a yabo, ba a zagi, ba a raha a cikin maƙala. Na nuna mata tarihin shafi, inda ake ganin duk wanda ya taɓa ko da wasali ɗaya, da sunansa a jiki. "Wannan, Mama, ba ya goguwa har abada," na faɗa ina ɗaga yatsa sama. Ina lura da yadda jikinta ke ƙara yin sanyi, amma daɗin muryata ya hana ni tsayawa.

Da na ce to bismilla, ta rubuta jimla ɗaya, sai ta janye hannunta. Matar da ta yi shekara da shekaru tana karɓar haihuwa, ga ta nan tana tsoron taɓa madannai.

"A'a, ɗana. Ka ce ba ya goguwa. In na yi kuskure fa?"

Nan na gane na tsorata ta fiye da kima. Sai na ce ai akwai shafin gwaji, wanda aka ware wa kowane mutum don ya yi ta jagwalgwalonsa ba mai damuwa. Na buɗe shi a gefe guda, maƙalar acca kuma tana buɗe a ɗaya gefen. Ana cikin haka ta tashi ta duba tukunya, ni kuma na yi ta tsalle tsakanin shafukan biyu ina 'yan dube-dube. Da ta dawo na ce, "Mama, ki kalla. A nan ko shirme kika rubuta ba komai."

Don in ba ta dariya, na goge abin da ke saman shafin na rubuta:

"Acca abincin tsuntsaye ce da mutanen Filato suka ƙwace. Wanda ya ci tuwonta da rana, kafin la'asar yunwa ta dawo masa da ƙawayenta. Duk mai hankali tuwon shinkafa yake ci."

Ta saka tabarau ta karanta, ta fashe da dariya har tana dukan kafaɗata. "Kai, yaron nan ba ka da kunya! A gidana?"

"Danna nan, Mama, inda aka rubuta wallafa. Ki danna da hannunki, ki ga ba abin da zai faru."

Ta danna. Ta jira kamar wani abu zai fashe. Ba abin da ya fashe. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce ashe abin ba wuya. Ni kuwa har ina yaba wa kaina a zuci, ina cewa wannan ita ce koyarwa, ba irin ta wasu ba.

Ta ce sai mun ci abinci kafin mu ci gaba. Gwaten acca ta yi, ya sha yakuwa da gauta, yana ta tururi. Na yi nisa a kwano na biyu (mai cewa abincin tsuntsaye ne, ku lura) sai wayarta ta yi ƙara. Mama Kaneng ba ta kara waya a kunne, komai a sifika take sakawa. Muryar wata mata ta cika falon. Madam Chundung ce, shugabar zumuntar matan, wadda daga baya na ji cewa gonar acca gare ta a ƙauyensu.

"Kaneng, lafiyarki kuwa? Ko an sace miki kwamfuta ne?"

"Lafiya lau. Me ya faru?"

"Ke kika ce mu duba shafi. Mun duba. Wai acca abincin tsuntsaye! Wai duk mai hankali shinkafa yake ci! Na ce ba Kaneng ba ce, sai yarona ya duba ya nuna mini sunanki a jiki. Mu ne marasa hankalin, ko?"

Cokalin da ke hannuna ya tsaya tsakanin kwano da baki. Ban san lokacin da na isa gaban laftof ɗin ba. Na dubi saman shafin da muka wallafa. Ba a rubuta shafin gwaji ba. Kalma ɗaya ce a wurin, da manyan baƙaƙe: Acca.

A cikin sanyin Jos, gumi ya jiƙa mini shadda.

Na yi sauri zan mayar da shafin yadda yake, sai na tarar an riga ni. Wata mai gyara ce a Zariya, Malama Hauwa, wadda ni da kaina na sha bar mata dogayen saƙonni a kan ƙananan kurakurai. Ta cire shirmen, sannan ta ajiye wa Mama saƙo. Na so in rufe shi, amma Mama ta riga ta tsaya a bayana da tabarau, tana karantawa a fili, a hankali, kalma bayan kalma:

"Barka da zuwa, Kaneng. Na cire abin da kika rubuta a maƙalar acca domin ba a raha a cikin maƙala. Idan gwaji kike so, akwai shafin gwaji. Idan kuma a Jos kike, akwai wani ƙwararrenmu a can, ki neme shi ya koya miki. Yana da ɗan tsanani, amma ba ya wasa da aiki."

Sai ga sunana a ƙarshe.

Mama ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"To, ƙwararre. A goge sunana daga wurin."

"Mama... an cire rubutun daga shafin. Amma tarihin..."

"Ba ya goguwa. Na ji lokacin da ka faɗa."

Ta koma kujera ta zauna. Wayarta na ta ƙyaf-ƙyaf da saƙonnin mata. Can ta ce, "Duk shekarun da na yi ina aiki, ba a taɓa kiran sunana a kan abin kunya ba. Yau rubutuna na farko a duniya, zagin abincin uwata ne." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, domin ba da fushi ta faɗe ta ba. Na durƙusa a kan kafet ina ba ta haƙuri, ina haɗa Hausa da Turanci, ban ma san me nake cewa ba.

Ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini wayarta. "Ba ni za ka ba haƙuri ba tukuna. Danna nan ka yi musu magana. Ka faɗi sunanka, da sunan mamanka, da unguwarku."

Haka na yi saƙon murya zuwa ga matan da ban taɓa gani ba. Na ce ni ne ɗan wance na Anguwan Rogo, ni na rubuta, Mama ba ta da laifi, kuma a halin yanzu ma gwaten acca ne a cikina, kwano biyu. Ba a jima ba amsoshi suka fara shigowa. Wata dariya kawai ta turo, ba ko kalma. Wata ta ce a ƙara mini kwano na uku. Madam Chundung ta ce ta yafe, amma in damina ta wuce in zo gona in ga yadda ake wahalar girbin abin da na raina.

Saura Malama Hauwa. Na shiga da nawa akawun a wayata na rubuta a ƙarƙashin saƙonta, inda duk masu gyara za su gani, cewa ƙwararren da ta ambata shi ne ya yi aika-aikar, da akawun ɗin ɗalibarsa. Amsarta gajeriya ce: "Allah Sarki, Malam. Kowa na kuskure." Ko wa'azi ba ta yi mini ba. Na zauna ina tuna irin saƙonnin da ni nake tura mata, na ji kamar in nutse.

Na fara naɗe wayar caja zan gudu, Mama ta ce, "Ina za ka? Ba mu yi abin da ya kawo ka ba. Zauna. Amma hannunka a aljihu."

Na zauna, hannuwana a aljihu. Ta jawo laftof ɗin gabanta. Abin mamaki, tsoron ya tafi. Ina jin ta ga mafi munin abin da zai iya faruwa ya riga ya faru, kuma ba ita ta jawo shi ba. Ta karanta saman shafin da ƙarfi, ta tabbatar da inda take, sannan ta fara rubutu da yatsa ɗaya. Ta rubuta yadda ake wanke acca a ƙwarya ana rairaye yashi. Ta ɗauko wani tsohon littafin abinci mai gina jiki na zamanin karatunta, muka saka shi a madogara. Inda ta rubuta "acca ne" na buɗe baki zan ce "ce", sai na tambaye ta cikin ladabi ko tana so in nuna mata wani ɗan abu. Ta ce, "Yanzu ka koyi magana." Ta gyara da kanta, ta wallafa, ta kira jikarta ta ce ta duba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Umma a tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Sannu da zuwa, ƙwararre." Kafaɗunta kawai na ga suna rawa.

Yanzu Mama Kaneng ta rubuta maƙaloli da dama, har tana koya wa wasu matan zumuntarsu. Ni kuma saƙonnina sun gajarce ƙwarai, kuma da gaisuwa nake fara su. Abin da na koya bai da yawa: in za ka yi raha, yi ta da baki, iska ta kwashe. In kuwa har sai ka rubuta, to ka ɗaga ido ka ga a ina kake tsaye, kuma ka tabbata sunan da ke jiki naka ne, ba na matar da ta yanke maka cibiya ba.